CHARLES DARWIN DA FUREN DA KE ƘIN NA GIDA

Duk wanda ya taɓa shuka gwanda a bayan ɗaki cikin birnin Kano ya san akwai namiji akwai tamata. Namijin ya kan yi fure birjik amma ba ya ba da 'ya'ya, har waɗansu su kan sare shi don haushi. Haka dabino ya ke, haka giginya. Wannan ba ya ba mu mamaki, gama haka mu ke gani ga dabbobi. Amma yawancin itatuwa da ganyaye ba haka su ke ba. Cikin fure guda akwai sashen namiji mai fid da gari, akwai kuma sashen mace mai karɓa, suna zaune tare kamar harshe da haƙori. To, in haka ne, me ya hana kowane fure ya yi wa kansa barbara ya huta? Mutumin da za mu ba da labarinsa a wannan wata ya yi shekara wajen arba'in yana bin wannan tambaya. Ba kuwa don sha'awar ilimi kaɗai ba, gama tambayar ta shafi gidansa.

Yawancin masu karatunmu da suka ji sunan Charles Darwin, a kan gardama suka ji shi, watau littafinsa na shekarar 1859 a kan asalin iri-irin masu rai. Gardaman nan ta daɗe cikin ekklesiya, masu bi kuma ba su zama baki ɗaya a kanta ba. Ba ita muka ɗauko yau ba. Kaɗan ne suka san cewa mutumin nan ya ƙare yawancin kwanakinsa na baya a lambu, yana durƙushe gaban furanni.

An haife shi ran 12 ga Fabrairu, 1809, a garin Shrewsbury cikin Ingila, shekarar da Muhammadu Bello ya kafa birnin Sakkwato. Ubansa likita ne mai wadata. Uwarsa 'yar gidan Wedgwood ce, masu sana'ar tangaran da suka yi suna, ta rasu yana ɗan shekara takwas, yayyensa mata suka ƙarasa renonsa. A makaranta ba a ga wata alama gare shi ba, ya fi son harbin tsuntsaye da tara ƙwari. Cikin 1825 ubansa ya aika shi Edinbara ya koyi aikin likita. A zamanin babu maganin sa barci, da ya ga ana yi wa wani yaro aiki da wuƙa idonsa biyu, sai ya fita da gudu. Abin da ya ƙaru da shi a can, wani baƙin mutum mai suna John Edmonstone, 'yantaccen bawa daga Guyana, ya koya masa yadda a ke feɗe tsuntsu a cusa fatar ta tsaya kamar mai rai. Da likitanci ya ƙi, aka kai shi Kambirij domin ya zama fasto a ƙauye. A nan ya haɗu da John Henslow, fasto ne kuma malamin tsire-tsire, ya riƙa binsa yawo cikin jeji.

Henslow ɗin nan ne ya samo masa wuri cikin jirgin ruwa mai suna Beagle, wanda ya tashi ƙarshen 1831 don auna gaɓar Amurka ta Kudu, bai komo ba sai Oktoba 1836. Darwin ya sha amai cikin jirgi shekara biyar ɗin nan. Ya ga azabar da a ke yi wa bayi a Barazil, abin bai fita ransa ba har mutuwarsa. A can ƙurewar kudu ya ga mutanen Tierra del Fuego, ya ɗauka ba mai iya koya musu kome. Bayan shekaru, da ya ji abin da masu bishara suka yi a cikinsu, ya yarda bai yi daidai ba, ya riƙa aika wa mishan ɗin da gudummawa.

Ran 29 ga Janairu, 1839, ya auri Emma Wedgwood, 'yar kawunsa, ƙanen uwarsa. A wurinmu da sai mu ce taubashiyarsa ce. Auren tuwona maina ba baƙon abu ba ne a gidajen nan biyu, gama shekara biyu kafin wannan yayarsa Caroline ta auri wan Emma. Dokar ƙasa da ta ekklesiyar Ingila ba su hana ba. Emma mace ce mai ibada, ta kuwa damu ƙwarai da shakkar da ta ga tana shiga zuciyar mijinta, har ta rubuta masa takarda a kan haka, ya ajiye ta dukan ransa. Cikin 1842 suka ƙaura ƙauyen Down, kamar mil 16 daga Landan, nan suka zauna shekara arba'in. Shi kansa ba shi da lafiya, ciwon ciki da amai sun bi shi kusan dukan zamansa a can.

Sun haifi 'ya'ya goma, uku suka mutu da ƙuruciya. Mary ta yi mako uku kaɗai a duniya. Annie, wadda ya fi shaƙuwa da ita, ta rasu cikin Afrilu 1851 tana da shekara goma, shekarar da Barth ya shigo Kano. Autan kuma ya rasu cikin 1858 yana da shekara ɗaya da rabi. Tun wajen lokacin ciwon Annie ya daina shiga sujada. Ran Lahadi ya kan raka iyalinsa har ƙofar majami'a, sa'an nan ya wuce yawo, ko da shi ke bai fasa riƙon kuɗin taimakon matalautan ƙauyen ba. Waɗanda suka ragu cikin 'ya'yan ma ba su cika lafiya ba. Sai wani tunani ya riƙa cinsa: ko kusancin jini tsakaninsa da matarsa ne ya jawo wa yaran nan wannan? Ba shi da hanyar gwada abin ga mutane. Amma yana da lambu.

Sai mu tsaya kaɗan mu duba yadda fure ya ke. Sashen mace kamar gora ne mai dogon wuya. Akwai baki a bisa, akwai wuya, akwai ciki inda ƙwayayen su ke. In garin fure ya faɗa a bakin, kowace ƙwayar gari ta kan tsiro da wani siririn zare, ya bi ta wuya har ya kai ciki, sa'an nan iri ya ƙullu. Iska ko ƙudan zuma ko waɗansu ƙwari su ne masu ɗaukar garin, furen kuka kuwa jemage ne ke zuwa gare shi da dare.

Cikin 1841 Darwin ya karanta wani tsohon littafi na Bajamushe mai suna Sprengel, ɗan fasto, shugaban makaranta, wanda aka buga tun 1793 ba wanda ya kula da shi. Sprengel ya lura cewa cikin furanni da yawa sashen namiji da na mace ba su nuna lokaci ɗaya. Manomin gero ya san wannan ko da bai ba shi suna ba. In kan gero ya fito, waɗansu fararen zarurruka su ke fara leƙowa, su ne sashen mace, bununi kuwa ba ya zuba sai bayan kwana biyu ko uku. Kafin nan iska ta riga ta kawo na maƙwabci. Masara ita ma ta raba su, bununi can bisa, gemu can ƙasa wajen goyo. Waɗannan dabaru ido yana ganinsu.

Wajen 1860 ya shiga binciken wani ɗan fure rawaya na jejin Ingila mai suna firimula. An daɗe da sanin cewa iri biyu ne. Cikin waɗansu, wuyan macen dogo ne har ya leƙo bakin fure, sashen namiji yana can ƙasa. Cikin waɗansu kuma wuyan gajere ne, namiji ne a bisa. Masana sun ɗauka wannan ba kome ba ne. Darwin ya sa 'ya'yansa suka tsinko masa ɗaruruwa, ya ƙirga, ya ga iri biyun kusan daidai su ke da yawa, kuma ba a samun su a jikin tushe guda. Da fari ya zaci suna kan hanyar rabuwa ne su zama namiji da tamata kamar gwanda. Da ya auna 'ya'yan da kowane ya ke bayarwa, ya ga zaton nan ba ya tsayawa, sai ya yar da shi. Ya rufe su da raga don kada ƙwaro ya shiga, ya ɗauki ɗan buroshi ya riƙa yi musu barbara da hannunsa ta kowace hanya. Abin da ya samu ke nan: garin mai dogon wuya sai a kan mai gajeren wuya ya ke ba da cikakken iri, na mai gajere kuma sai a kan mai dogo. In an sa wa fure garin kansa, ko na wani irinsa, 'ya'yan kaɗan ne. Ƙudan zuma kuwa, in ya cusa kai, garin wannan ya kan manne masa daidai inda zai taɓa bakin macen wancan. Ya buga wannan cikin 1862. Da tsufansa ya shaida cewa cikin ƙananan abubuwan da ya gano ba wanda ya faranta masa rai kamarsa.

Babban aikin kuwa da tsautsayi ya faro. Ya shuka fangali biyu na wani fure kusa da juna don wata bukata dabam, ɗaya daga irin da furen ya yi wa kansa barbara, ɗaya daga irin da aka haɗa da wani tushe. Ba ya neman kome, sai ya ga na biyun sun fi tsawo da ƙarfi a fili. Daga nan ya shiga gwaji na shekara goma sha ɗaya, a kan tsire-tsire fiye da iri hamsin, har da masara da taba. A nan ne mu ke ganin halin mutumin. Ya kan sa iri a kan jiƙaƙƙen yashi, in biyu suka tsiro rana ɗaya, ɗaya na barbarar kai ɗaya na haɗi, sai ya dasa su cikin tukunya guda, wannan gefe da wancan gefe, don kada wani ya ce ƙasa ce ko ruwa ya bambanta su. Sa'an nan ya auna tsawonsu, ya auna nauyinsu, ya ƙirga 'ya'yansu ɗai ɗai. Wata yaɗuwa, 'yar'uwar dankali da duman rafi, ya bi ta har zuriya goma. In na haɗi ya kai tsawo 100, na barbarar kai 77 ya ke kaiwa. Cikin zuriya ta shida wani tushe na barbarar kai ya fito ya tsere wa abokin gwajinsa, ya ɓata masa lissafi. Bai ɓoye shi ba, ya sa masa suna Jarumi, ya rubuta labarinsa da na 'ya'yansa cikin littafin da ya fito a 1876. Mu dai muna ganin wannan ya fi yawancin lissafin daraja.

Akwai abin da ya gagare shi. Cikin wani fure mai ƙanshi da a ke kira risida, ya sami waɗansu tushe waɗanda garinsu lafiya lau ne, sashen macensu ma lafiya lau. In ya kai garin wannan ga wancan, sai iri ya ƙullu. In ya sa masa garin kansa, ko ƙwaya ɗaya. Ba bambancin lokaci, ba bambancin tsawon wuya, ba abin da ido zai gani. Wani abokin wasiƙarsa a Barazil, Fritz Müller, ya rubuto masa cewa ya ga furannin da garin kansu ya ke zama musu kamar dafi. Yaya fure marar ido marar hanci zai san nasa daga na wani? Darwin ya jingina abin ga yanayin wuri da taushin jikin tsiro. A nan bai dace ba.

Zancen gidansa kuwa bai bar shi ba. Cikin 1870 ya roƙi maƙwabcinsa John Lubbock, ɗan majalisa, ya nemi a sa tambaya cikin ƙidayar jama'a ta 1871 don a san yawan masu auren zumunta da lafiyar 'ya'yansu. Majalisa ta ƙi. Ɗansa George ya ɗauki aikin, ya bi ta takardun aure da gidajen marasa lafiya, cikin 1875 ya ba da labari cewa illar ba ta kai yadda a ke tsoro ba. Wannan ya ɗan kwantar wa uban da rai. Ya kamata mu ce mutum ba fure ba ne, kuma furen da ya yi wa kansa barbara ya fi auren taubasai kusanci nesa ba kusa ba. Abin da likitoci suka sani yanzu shi ne, akwai cututtukan gado da su ke kwance a ɓoye, ba su fitowa sai yaro ya gaje su ta wajen uwa da uba duka, dangi kuwa sun fi yiwuwar ɗaukar abu iri ɗaya. Amosanin jini da a ke kira sikila ta wannan hanya ya ke bi, ko ma'auratan dangi ne ko ba dangi ba, shi ya sa a ke auna jini kafin aure. Annie dai, yawancin masu bincike suna ganin tarin fuka ne ya ɗauke ta. Uku daga cikin 'ya'yansa maza kuma suka zama manyan masana.

Ya rasu a Down ran 19 ga Afrilu, 1882, yana da shekara 73, aka binne shi cikin babbar majami'ar Westminster a Landan. Akwai labarin da ya ke yawo cewa ya janye koyarwarsa a gadon mutuwa, amma 'ya'yansa sun ƙaryata shi, bai kuwa kamata mu riƙa maimaita shi ba. Emma ta rayu har 1896.

Amsar da ya nema tana nan tun yana da rai. Cikin 1866 wani fada mai suna Gregor Mendel, a garin Brno, ya buga sakamakon gwajinsa a kan wani irin wake, ya nuna cewa halin gado ba ya gauraya kamar fura da nono. Ƙwayoyi ne, ɗaya daga uba ɗaya daga uwa, kowace tana wucewa ga zuriya yadda ta ke. Ba a kula da takardar ba sai 1900. Cikin 1925 waɗansu masana biyu a Amurka, East da Mangelsdorf, suka bi hanyar Mendel a kan dangin taba, suka gane cewa ƙin garin kai gado ne, yana kuma rataye ga wuri guda cikin ƙwayoyin gado, wanda suka sa wa alamar S.

Bari mu kwatanta. A zamanin da a ke rufe ƙofofin ganuwar Kano da dare, kowace ƙofa tana da Sarkin Ƙofa, ya san ɗan gari ya bar shi ya wuce, baƙo kuwa a tsare shi a tambaye shi. Fure ma yana da mai tsaron ƙofa, sai dai nasa aikin a juye ya ke: baƙo ya shiga, ɗan gida ya tsaya waje. Kowane tushe yana da alama biyu, kamar tsagar gado a fuska, ɗaya ta uba ɗaya ta uwa. Kowace ƙwayar gari tana ɗauke da ɗaya. In alamar garin ta yi daidai da ɗaya daga cikin biyun da ke jikin macen, ba shiga. Alamun nan kuwa ba biyu ko uku ba ne, cikin iri guda a kan sami gommai, saboda haka baƙo ba safai ya ke rasa hanya ba, amma ɗan'uwa na kusa ya kan sha tsarewa.

Yadda a ke tsarewar ya bambanta. Cikin dangin taba da tumatir, wuyan macen yana da dafi wanda ya ke shiga zaren garin ya lalata shi tun bai kai ciki ba. Masana a Melbourne ta Ostareliya suka ware ƙwayar gadon dafin nan cikin 1986. Daga baya aka gane cewa garin yana tafe da makarin dafin kowane gida, ban da na gidansu. Cikin dangin kabeji kuwa tun a bakin ƙofa a ke gane shi, ba a ba shi ko ruwan da zai tsiro. Akwai kuma waɗanda su ke sa garin ya kashe kansa. An ƙiyasta cewa kusan kashi 40 cikin 100 na tsire-tsire masu fure suna da irin wannan tsaro. Firimular Darwin sai 2016 aka buɗe asirinta. Masana a Norwich ta Ingila suka sami ƙwayoyin gado biyar a jere wuri guda, waɗanda mai gajeren wuya kaɗai ke da su, waɗansu a Jamus kuma suka nuna cewa ɗaya cikinsu ce ke hana wuyan tsawo. Shekara 154 ke nan bayan takardarsa.

Ba kowane tsiro ke da mai tsaron ƙofa ba, Darwin kuwa ya san haka. Gyaɗa da wake da alkama da shinkafa kansu su ke yi wa barbara, ba abin da ya same su, shi ya sa manomi ya ke ajiye irin gyaɗa ya shuka baɗi ta fito yadda ya san ta. Tumatir ɗin da a ke nomawa a Kadawa da Kura ya rasa nasa tsaron, ko da shi ke waɗansu 'yan'uwansa na jeji a Amurka ta Kudu suna da shi har yanzu. Dankali yana da shi. Gonar da aka dasa daga yaɗo guda tushe ɗaya ce ko ta kai eka, don haka ta kan yi fure amma ba safai ta ke ƙulla iri ba.

Wanda ya fi shafar Kanawa shi ne goro. Tun zamanin da fatake su ke kai kaya Gwanja su komo da shi Kasuwar Kurmi, goro bai taɓa zama amfanin ƙasarmu ba, amma kuɗinsa ya gina gidaje da yawa cikin birni, ba kuwa a ɗaura aure ko a raɗa suna ba tare da shi ba. Itacen goro yana cikin masu ƙin garin kansu, waɗansu ma har na 'yan'uwansu su ke ƙi. Saboda haka manomi a kudu ya kan shuka gona daga 'ya'yan itace guda mai kyau, ya jira shekara shida ko bakwai, itatuwan su yi fure kamar za su karye, a ƙarshe ya sami ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A cibiyar binciken koko ta Ibadan, wadda goro ma yana cikin aikinta, masana su kan ɗauki garin wannan itace su sa wa wancan da hannu, su rubuta waɗanda su ke karɓar juna, domin a dasa su gona ɗaya.